Kafin A Goge Zanen Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, wanda ya ba ni minti ashirin kuma na ga har ya cire agogonsa ya ajiye a kan tebur, mai girma shugaban hukumar gudanarwar kamfaninmu da sauran mambobinta, ranka ya daɗe Manajan Darakta, shugabannin sassa, masu hannun jari, manyanku da ƙananku, baƙonmu masanin kwamfuta, wanda ya yi doguwar tafiya domin ya taimake mu, abokan cinikinmu da suka rufe shagunansu suka zo, injiniyoyi, masu zane, masu haɗa famfo, masu haƙa, direbobi, masu gadi da masu shara, iyayena, yayyena da ƙannena da ke cikin wannan zaure, ina gaishe ku baki ɗaya, ina kuma yi muku barka da zuwa.

Ina gode wa Allah da ya kawo mu wannan taro na shekara lafiya. Ina gode wa hukuma da ta yarda a ba ni dama in yi magana kafin a ɗaga hannu. Ina kuma gode wa ma'aikatan fili, waɗanda na san sun fi son a ce yanzu suna cikin rami da shebur a kan zaman sauraron maganar kwamfuta, amma suka daure suka zauna.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce shugabar sashen kwamfuta, sashe mai mutum biyu da fanka ɗaya. Shekarata bakwai a kan wannan kujera. Yawancinku ba ku taɓa leƙo ni ba sai ranar da kuka manta kalmar sirrinku, kuma ba na riƙe kowa a zuci saboda haka.

Abu na huɗu a takardar da ke hannunku ƙuduri ne. Ƙudurin yana neman ku amince baƙonmu ya sa wata manhaja ta bi ta cikin sabar kamfani, ta goge duk fayil ɗin da ya shekara biyar ba wanda ya buɗe shi. Saba ita ce babbar na'urar nan da ke ƙugi a ƙaramin ɗakin da ke bayan ofishin masu zane, wadda duk abin da kuka ajiye a kwamfutocinku a cikinta yake kwana. Ni na rubuta wannan ƙuduri da hannuna, ni na kai shi gaban hukuma, ni na yi ta naci har aka sa shi a takarda. Yau kuma ni ce na miƙe ina roƙon ku kada ku amince da shi yadda na rubuta shi.

Dalilina shi ne, a cikin abin da manhajar za ta goge akwai zane-zane dubu goma sha ɗaya, waɗanda ke nuna inda muka binne bututun ruwa a ƙarƙashin gidajen mutane, da makarantunsu, da shagunansu, cikin shekara ashirin da biyu. Takardun asali gara da laima sun cinye su tun a tsohon ofis. Abin da ke cikin sabar shi kaɗai ya rage mana. In kun ɗaga hannu yau, kafin ƙarshen mako babu su.

Zan yi bayani daki-daki, kuma zan fara da inda ƙudurin ya yi gaskiya, domin ba na so a ce na zo kare shara.

Na farko, sabar ta cika, wannan ba ƙarya ba ne. Kwafin ajiya da muke yi kowane mako saboda tsaro, wanda a da muke gamawa cikin awa biyu, yanzu yini guda yake cinyewa. Na zauna na duba abin da ya cika ta, kuma abin da na gani, wallahi sai da na cire tabarau na goge na sake dubawa. Akwai fina-finai. Akwai wasannin ƙwallo na shekara tara, har da waɗanda aka ci ƙungiyar mai ajiye su. Akwai hotunan ɗaurin auren ɗaya daga cikin direbobinmu a wuri shida daban-daban. Ba zan faɗi sunansa ba, amma na ga ya sunkuyar da kai. Akwai wasiƙa ɗaya tak da na ƙirga kwafinta arba'in da ɗaya. Waɗannan sun cinye fiye da rabin wurin, kuma babu wanda zai yi kuka in sun tafi, sai dai watakila direban.

Cikar wuri ma ita ce ƙaramar illa. Babbar illa ita ce ruɗani. Ku tambayi Dogo, shugaban ma'aikatan fili, ga shi can ya jingina da bango. A bara ya buɗe foldar wani aiki ya tarar da zane huɗu: ɗaya an rubuta masa "sabo", ɗaya "na ƙarshe", ɗaya "na ƙarshe na gaske", ɗaya kuma "wannan shi ne". Ya ɗauki "na ƙarshe na gaske", kamar yadda duk mai hankali zai yi. Ashe "sabo" ne ya fi su duka sabunta. Kwana uku mutanensa suna haƙa a gefen da mai gida ya riga ya ce a canza. Ya zo ofishina gumi na zuba, ya ce, "Hajiya, in kwamfutar nan taku ba ta san wanne ne na ƙarshe ba, ni da na tsaya a aji shida ta ina zan sani?" Kuma gaskiyarsa ce.

Akwai kuma wani abu da ya fi waɗannan tayar mini da hankali. A cikin sabar akwai hotunan katin shaidar mutanen da suka nemi aiki a nan ba su samu ba, da takardun asibitin ma'aikatan da suka bar mu, wasu ma sun riga mu gidan gaskiya. Ba mu da wani amfani da su, kuma ba mu da hurumin riƙe su. Ranar da ɓarayin intanet suka shigo mana, Allah ya kiyaye, asirin mutane za mu tona, mutanen da laifinsu kawai shi ne sun taɓa miƙo mana takarda. Irin waɗannan goge su wajibi ne, ko da sabar fayau take babu komai.

Saboda haka in tambayar ita ce ko shara tana da amfani, amsata ita ce tana da shi. Inda na yi kuskure shi ne tsintsiyar da na zaɓa.

Na biyu, na auna wurin da zane-zanen suka ci. Duk dubu goma sha ɗayan ba su kai kashi biyar cikin ɗari na sabar ba. Faifan ajiyar da zai ɗauke su gaba ɗaya, ya sake ɗaukar irinsu sau goma, bai kai tsadar tayar motarmu ta ɗaukar kaya ba. Wato abin da za mu samu in mun goge su ɗan wuri ne da ba zai rage mana ko awa ɗaya a kwafin mako ba. Wannan awo ya kamata in yi shi kafin in rubuta ƙuduri. Ban yi ba sai bayan abin da zan ba ku labarinsa yanzu.

Na uku, kuma a nan nake roƙon shugaban taro ya ɗan kawar da ido daga agogo.

Wata huɗu da suka wuce na ce bari in gwada manhajar a kan folda ɗaya, in ga yadda take aiki kafin in kawo muku. Na zaɓi foldar wata tsohuwar shekara, shekara goma sha huɗu baya, na ce ai wannan babu mai waiwayarta. Manhajar ta yi aikinta tsaf cikin minti shida. Na ji daɗi har na kira Manajan Darakta na nuna masa. Kwafin ajiyarmu kwana talatin yake riƙe abin da aka goge, daga nan sabo ya hau kansa. Na jira kwana talatin, ba wanda ya yi ƙorafi, na ce shi ke nan, an wuce wurin.

A kwana na arba'in da biyu Hajiya mai gidan burodi ta shigo ofis da takalminta a jiƙe. Ga ta nan zaune a layi na uku, kuma na nemi izininta kafin in ambace ta. Ta ce da ni, "'Yar nan, ruwa ne ke tsattsafowa ta ƙarƙashin tayil, tun daga bakin tanda har ɗakin fulawa. Ku kuka yi mini aikin famfo shekara goma sha huɗu da suka wuce, kuma tun ranar ban taɓa kiran ku ba. Ki duba mini takardarku, ki gaya wa mutanenku inda za su fasa, domin ina da burodin safe."

Na nemi zanen da sunanta, babu. Na nema da sunan titinta, babu. Sai na leƙa ofishin masu zane na kira Baba Mai Zane, wanda duk kun sani, shi ne ya zana aikin farko da kamfanin nan ya taɓa yi. Ko tsayawa tunani bai yi ba, ya ce, "Gidan burodi? Ki duba 'akuya cikin rami'. Ranar da muka haƙa, akuyar maƙwabta ta faɗa ciki, sai da muka sa igiya." Hajiya ta yi dariya ta ce ƙwarai an yi haka. Na rubuta "akuya cikin rami". Babu. Na buɗe jerin abubuwan da manhajar ta goge, na bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ga sunan a ciki.

Jama'a, abin da na gaya wa Hajiya a ranar shi ne na'ura ta sami matsala. Wannan ba gaskiya ba ne. Na'ura lafiyarta ƙalau, abin da na umarce ta shi ta yi. Kunya ce ta sa na laƙa mata laifi, tunda ita ba ta da bakin kare kanta. Na riga na je har gida na ba Hajiya haƙuri, amma tunda da sunan kamfani na yi ƙaryar, a gaban kamfani ya kamata in janye ta. Hajiya, ki yafe mini.

Baba ya ɗauki sandarsa ya bi Dogo zuwa gidan burodin, ya ce zai nuna wurin da ka. Amma ginin da ya sani ba shi ya tarar ba. An ƙara bango, an toshe ƙofa ɗaya an buɗe wata, an matsar da injin kwaɓa fulawa. Yana ƙirga taku daga ƙofar da yanzu babu ita. Suka fasa wuri na farko, ƙasa a bushe. Suka fasa na biyu, suka ci karo da wayar lantarki, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Na uku ya kai su gindin tanda, dole aka kashe ta aka jira ta huce. Sai a rami na huɗu suka sami mahaɗar da ke yoyo. Kwana tara gidan burodin yana rufe. Mutum goma sha shida da ke cin abinci a wurin, kwana tara suna zaune a gida. Shagunan da suka saba karɓar burodinta suka koma wani wuri, kuma har yau wasunsu ba su dawo ba. Da zanen yana nan, rami ɗaya ne, aikin rabin yini. Dogo ne ya faɗi haka, ba ni ba.

Na huɗu shi ne abin da na koya, kuma ba a littafi na koye shi ba.

Washegarin ranar da aka gama gyaran, Baba ya shigo ofishina ya ja kujera ya zauna. Na shirya shan faɗa, amma bai yi mini ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "'Yata, wai wace doka kika ba na'urar?" Na ce duk abin da ya shekara biyar ba a buɗe ba. Ya jinjina kai, ya ce, "To ke a ganinki wa zai buɗe zanen aikin da bai lalace ba? Bututu in an binne shi da kyau, shekara goma sha biyar, ashirin, ba ya neman kowa. Ki je ki duba zanen da aka fi buɗewa a kamfanin nan, ki zo ki gaya mini ko na aikin kirki ne."

Na duba. Zanen da aka fi buɗewa a tarihin sabarmu na wani otal ne da muka koma gyara sau goma sha tara. Injiniyoyi sun san wurin da nake nufi, na ga suna kallon silin. Na biyu na wata makaranta ce da muka sa mata siririn bututu inda ya kamata a sa mai kauri. Haka jerin ya tafi har ƙasa. Ku duba fa abin da ƙudurina zai yi: zai adana mana duk aikin da muka ji kunyarsa, ya goge duk aikin da muke alfahari da shi. Zai adana zanen da kowa ya haddace saboda yawan komawa, ya goge zanen da babu mai tuna shi, wanda kuma shi ne za a zo nema ido rufe ranar da bututun ya tsufa. Kuma ayyukanmu na farko yanzu ne suke shiga shekarun tsufa. Hajiya ita ce ta fara zuwa, ba ita ce ta ƙarshe ba.

Ina so in wanke baƙonmu a gabanku. Dokar shekara biyar ba shirme ba ce, tana aiki a wuraren da takarda ke mutuwa da zarar an gama ciniki. Kuma kafin ya ba ni manhajar sai da ya tambaye ni, "Hajiya, akwai wani abu a wurinku da ake daɗewa ba a nema amma dole a ajiye?" Na ce babu. Na ce babu ne domin shekara bakwai ina aiki a kamfanin famfo ban taɓa tsayawa a bakin rami na ga yadda ake binne bututu ba. Ofishin masu zane taku goma ne daga nawa, ban taka na tambaye su ba.

Na biyar, kuma shi ne ya fi gaggawa. Ko mun bar zane-zanen nan ba mu goge ba, yawancinsu a hanyar zama shara suke, kuma wannan karon babu ruwan manhaja.

Kun ji sunan zanen Hajiya. To, ba shi kaɗai ba ne. Lokacin da Baba ya fara aiki, yawancin unguwannin da muke shiga sababbi ne, titi ba suna, gida ba lamba. Sai ya riƙa sa wa kowane aiki sunan abin da ya faru a wurin, domin shi ne abin da ma'aikata ba sa mantawa. Akwai "mangwaro biyu". Akwai "kare ya kori Dogo". Akwai "kare ya sake korar Dogo", kuma wani gida ne daban. Akwai "tsohuwa mai faɗa, sama" da "tsohuwa mai faɗa, ƙasa". Akwai "ruwan sama ya kore mu". A wancan zamani tsarin ya yi aiki fiye da kowace lamba. Da safe direba zai ce, "Ina muka nufa yau?" a ce masa, "Mangwaro biyu," ya ta da mota ba tare da wata tambaya ba. Daga baya tituna suka sami suna, amma al'adar ta riga ta zauna, har masu zanen da ya koyar suka ɗauka. A cikin dubu goma sha ɗayan nan, kusan dubu bakwai irin wannan suna gare su, kuma ko a cikin zanen babu adireshi.

Mutanen da suka san ma'anar sunayen nan, wasu sun yi ritaya, wasu sun koma wani wuri, wasu Allah ya yi musu rasuwa. Dogo ya san na karnuka da wasu 'yan ɗaruruwa. Sauran duka suna cikin kan mutum ɗaya, wato Baba. Mutumin kuma, kamar yadda aka sanar ɗazu aka yi tafi, zai ajiye aiki ƙarshen watan nan saboda idonsa ya yi rauni, saura kwana goma sha tara. Ranar da ya fita daga ƙofar can, mai gida zai zo ya ce ruwa na tsattsafowa a falonsa, zanensa yana nan cikin sabar lafiya lau, amma ba wanda zai iya cewa wanne ne nasa a cikin dubu bakwai.

Mako uku ke nan ni da Baba muna zama daga ƙarfe biyu zuwa huɗu na rana. Ni nake karanta suna, in buɗe zanen in ƙara masa girma har ya cika allo, shi kuma ya kawo fuskarsa kusa, ya gaya mini titi, da mai gida, da abin da ke kusa da wurin, ni in rubuta. Wani lokaci sai na tsayar da shi, domin kowane suna da labarinsa kuma yana so ya bayar har ƙarshe. Mun gama ɗari tara. A wannan tafiya, sauran za su ɗauke mu wata biyar zuwa shida.

Ga abin da nake roƙo a maimakon ƙudurin da ke hannunku. A yi shara, amma mutum ne zai yi ta, ba kwanan wata ba: kowane shugaban sashe ya zauna da ni, mu fitar da fina-finai da kwafe-kwafe da takardun mutanen da ba mu da hurumin riƙewa, ya sa hannu, a ajiye su gefe wata shida, sannan a goge. Baƙonmu ya ce zai taimaka mana a kan wannan, kuma a nan manhajarsa za ta yi mana rana, domin ta iya gano kwafi fiye da kowane ɗan Adam. Zane kuwa kada a taɓa goge shi saboda tsufa, sai in an rushe ginin. Duk sabon zane daga yau ya ɗauki sunan titi da lambar gida, kuma aiki ɗaya zane ɗaya. In mai zane yana so ya ƙara akuya a ƙarshen sunan, ban hana shi ba. Sannan babban roƙona: hukuma ta riƙe mana Baba na wata shida, awa biyu kawai a rana, mota ta ɗauko shi ta mayar da shi, kuma a fara daga ranar ɗaya ga wata, ba sai kwamiti ya zauna ya kafa wani kwamiti ba.

Na san akwai masu cewa a bari sai baɗi, ai Baba yana nan cikin gari, in an buƙace shi a buga masa waya. Saboda su zan faɗi abu na ƙarshe, kuma shi da kansa ya ce in faɗa, ya ce ba abin kunya ba ne.

A cikin ɗari taran da muka yi, akwai talatin da ɗaya da bai iya tunawa ba. A makon farko huɗu ne. A mako na biyu tara. A mako na uku goma sha takwas. Watakila don mun shiga tsofaffin shekaru ne, watakila kuma ba don haka ba ne. Ni ba likita ba ce, abin da na ƙirga kawai nake gaya muku.

Jiya na karanta masa wani suna: "ranar da aka haifi 'yar auta". Ya yi murmushi, ya ce yana cikin rami aka aiko masa da albishir, ya fito da laka har gwiwa ya tari mota. Na buɗe zanen na ƙara girma. Gida ne mai hawa biyu, da banɗaki biyar, da tanki a bayan kicin, aiki mai tsafta. Ya kawo fuskarsa har ta kusa taɓa allon. Ya daɗe yana kallo, yana bin layin bututun da yatsa. Na ɗora hannuna a kan maɓallai ina jira. Can sai ya koma ya jingina, ya ce, "'Yata, yarinyar na san inda take, tana can ta kusa gama jami'a. Gidan ne ya tafi." Na ce ko mu ba shi lokaci, watakila gobe ya dawo. Ya ce, "A'a. Karanta na gaba, kada shi ma ya bi shi muna zaune."

Wannan gida yana nan a wani titi, da mutane a cikinsa, da bututun da ya haura shekara ashirin a ƙarƙashin ƙafafunsu. Ba mu goge zanensu ba, amma mun riga mun rasa shi. Saura dubu shida da ɗari ɗaya da har yanzu za a iya cetowa, kuma hannuwan da za ku ɗaga nan da 'yan mintoci su ne za su yanke ko za a ceto su.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya ƙarfafa masa ido da tunani, ya sa ya huta cikin mutunci bayan mun gama. Allah ya mayar wa Hajiya abin da ta rasa ta dalilina, ya cika mata shagonta da masu saye. Allah ya yi wa shugabanninmu jagora, ya tsare ma'aikatanmu a cikin rami da kan hanya, ya jiƙan waɗanda suka haƙa tare da mu suka riga mu tafiya. Allah ya sa mu yanke abin da ba za mu yi nadamarsa ba, ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya tarar da iyalinsa lafiya.

Ranka ya daɗe shugaban taro, na ci maka minti huɗu, a yi mini afuwa. Na gode.